Littattafai Uku da Damin Inna

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauko da wuri, ya ruɗi mutane suka zuba iri, gero ya fito har ya kai gwiwa, sai ya ɗauke kamar an yi masa laifi. Ran nan na shiga motar Gagarawa zan je gaisuwar mutuwa, hagu da dama duk ganye ya murɗe, ƙasa tana huci tun da hantsi. Na dawo Gumel raina a jagule, na ce a shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, kuma kada kowa ya dame ni.

Ban daɗe da kishingiɗa ba sai ga Bilkisu. Jikar yayana ce, marigayi Malam Sale, tana karatu a jami'a a Dutse. Ta rako kakarta Yaya Rabi, matar marigayin, ganin likitan ido, suka sauka a gidana. Yarinyar nan ba ta san a bar tsoho ya huta ba.

"Tsoho, tashi, aiki na kawo maka," in ji ta, tana tura mini waya a fuska. "Malaminmu ya ce mu karanta wani Bature, wai ba wanda ya kai shi tona asirin masu mulki da masu dukiya. Na duba, littattafansa sun fi ƙarfin ƙirga. Shi ba ya barci ne? Da wanne zan fara?"

Ta faɗi sunansa. Na ce ta sake faɗa. Ta sake, tana dariya, wai kunnena ya bi idon kakarta. Ni kuwa na ji ta sarai tun farko. Tambayar ce ta buge ni, don ni ma da bakina na taɓa yin ta, a wata damina mai kama da wannan, shekaru da dama kafin a haifi uwar Bilkisu.

A lokacin muna ƙauyenmu, tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar. Na gama kwalejin horon malamai ina zaman jiran a tura ni aiki. Babanmu ya rasu, gidan ya rage Inna, da Yaya Sale da ke koyarwa a firamaren garin, da matarsa Rabi, da ni, da jaririyarsu Jummai wadda ba ta fara zama ba tukuna. Yaya Sale mutum ne dogo, mai saurin fushi da saurin dariya, ya yi karatu a Kano ya dawo da akwatin ƙarfe cike da littattafai da kuma baki cike da maganar talaka. Yawancin abin da ke cikin akwatin na Baturen nan ne. Wasu ya saya a hannun masu shimfiɗa a bakin titi, wasu malamansa suka ba shi, wasu kuma ina zargin aro ya yi ya manta hanyar gidan mai su. Inna tana kiran akwatin amaryar Sale. Rabi ba ta kiransa komai, sai dai ta goge masa ƙura ta ɗora masa faifai.

Wata rana bayan la'asar na buɗe akwatin, na ɗauko mafi kauri don in nuna ni ma na yi boko. Yaya Sale ya fizge shi.

"Kai Idi, wannan zai karya maka wuya. Rabin kowane shafi ƙananan rubutu ne a ƙasa, sai ka tsufa ba ka gama ba."

"To da wanne zan fara?"

Ya ji daɗin tambayar har ya gyara zama. Ya ce mutumin yana rubutu kamar ana korarsa, kuma magana ɗaya yake juyawa ta fuskoki da yawa, don haka wanda ya shiga ta ƙofar da ba daidai ba zai gudu bai dawo ba. Ya zaro guda uku, duk sirara. Na farko hira ce aka yi da shi, ana tambaya yana amsawa, ya ce da shi ake farawa don baki ya fi alƙalami sauƙi. Na biyu kan yadda manyan ƙasashe ke tatsar ƙanana. Na uku kan yadda rediyo da jarida ke koya wa talaka ya yi wa mai taka shi godiya. Ya ce in na gama waɗannan, sauran za su buɗe mini da kansu. Na ce masa ni dai ban ga yadda mutumin da bai taɓa riƙe hauya ba zai san ciwon bayanmu ba. Ya ce in karanta tukuna, in yi rashin kunyar daga baya.

Ruwan farko ya sauka a shekarar da ƙarfinsa. Har yanzu ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Da gari ya waye muka fita gaba ɗaya, Yaya Sale a gaba da sungumi yana sara, ni da Rabi a baya muna zuba iri muna rufewa da dunduniya, Jummai a bayanta tana barci. Gero ya fito kore shar. Muka yi noman fari, har aka fara maganar gayya a gonar mai unguwa. Daga nan sama ta bushe. Kullum da yamma hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, yara su fara tsalle, sai iska ta taso ta watsa shi, ta bar mu da yashi a haƙori. Shuka ta murɗe, ta yi fari, ta kwanta.

Aka yi wani ɗan yayyafi, muka sake shuka da abin da ya rage a ƙasan rumbu. Wannan ko fitowa ba ta gama yi ba rana ta cinye ta. Liman ya tara mu a bayan gari aka yi sallar roƙon ruwa, muka juya riguna, tsofaffi suna kuka ba kunya. Muka dawo gida rana tana dukan ƙeyarmu.

Yunwa ba ta shigo da gudu ba, a hankali ta zo ta zauna. Da farko tuwon rana ya tafi. Sai tuwon dare ya koma kunu, kunun ma kana ganin ƙasan ƙwarya ta cikinsa. Inna da Rabi su fita da sassafe su dawo da tafasa da yaɗiya, a dafa a zuba ɗan gishiri, babu ƙuli babu mai. Da ganyen ya ƙare kusa da gari aka koma anza, wadda sai an jiƙa ta an zubar da ruwan an sake jiƙawa kafin ɗacinta ya bari a haɗiye. Na ga matan da a da ba sa fita ko ƙofar gida suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasar don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Albashin Yaya Sale, ranar da ya zo, ba ya cika kwandon awo. Akuya ta tafi kasuwa, kekensa ya bi ta, tasoshin jeren Rabi suka bi keken ɗaya bayan ɗaya har bangon ɗakinta ya zama fili.

A cikin wannan halin na karanta littattafan nan uku. Ba don ƙwazo ba, don babu abin yi ne, gona ta mutu. In zauna a gindin aduwa da ƙamus a cinya, haruffa suna rawa a idona saboda jiri. Kuma gaskiya mutumin ya iya magana. Ya sa na gane yunwarmu ba daga sama kaɗai take saukowa ba, don a kasuwa hatsi yana nan jibge, sai dai ba namu ba ne. Na fahimci wannan sosai, na ji haushi sosai, sannan na tashi na je na sha ruwan anza kamar kowa.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne Jummai. Nonon Rabi ya fara ƙafewa. Yarinyar da ke da kumatu ta koma sai ido, kukanta ya zama ƙarami kamar na ɗan kyanwa. 'Yar fari ce, don haka Rabi ba ta ko kiran sunanta, balle ta zauna a gaban surukarta ta ce 'yata tana mutuwa. Sai dai ta juya baya ta ba ta nonon da babu komai a ciki. Kowa ya san maganin: uwar ta sami kunun gero mai kauri safe da yamma.

Gero kuwa akwai shi a gidan. A ɗakin Inna, sama da gadonta, akwai dami guda rataye, an naɗe shi da tsohuwar tabarma an shafe da toka saboda ƙwari. Irin gidanmu ne, gero mai saurin nuna da ya saba da yashinmu, wanda kowace kaka Inna ke bi dami dami tana zaɓar kawunan da suka fi cika ta ware. Ba ta bari aka taɓa shi a shuka ta biyu ba, ta ce wannan ruwan ba na amana ba ne, kuma ta yi gaskiya. Wata safiya Yaya Sale ya durƙusa a ƙofar ɗakinta.

"Inna, a sauke damin nan."

Ta ci gaba da jan carbinta.

"Inna, yarinyar nan ba za ta kai kaka ba. A sauke, Allah zai kawo wani."

"Na ga shekarar da aka ci iri, Sale, kai ba ka gani ba," in ji ta. "Gidajen da suka ci, ka je ka nemo mini su. Kufai ne. In muka daka wannan, kwana nawa zai yi mana? Baɗi kuma in ruwa ya sauka me za ku zuba a rami? Takardun amaryarka?"

Kada wani ya ɗauka Inna muguwa ce. Tun kafin ranar ta daina shan nata kunun, tana juye wa Rabi a ɓoye, ta ce wai azumi take yi. Ita da kanta ta rame har zanenta yana zagaya ta sau biyu. Amma a kan damin nan ba ta motsa ba.

Maganar takardu ta zauna wa Yaya Sale. A zamanin babu leda kamar yanzu, da takarda ake ƙulle komai, suga, gishiri, ƙosai, tsire. Ranar Laraba da yamma ya jawo akwatin tsakar gida ya ce in kawo buhu. Ya riƙa ɗauko su ɗaya ɗaya, ya shafa bango, ya jefa. Da ya zo kan sirara ukun nan sai ya tsaya. Ya riƙe su ya daɗe.

"Waɗannan ba su da nauyi," in ji shi. "Ba abin da za su ƙara. Kuma in suna nan, wani zai iya farawa daga farko. Sauran ana iya nemo su, amma sai mutum ya san yana son su."

Ya yago kaba ya ɗaure su ya ba ni. Ni kuma, don tsoron kada Inna ta hura wuta da su, na zura su a aljihun riga.

Da asuba muka kama hanyar Maigatari, ranar kasuwa, muna karɓa-karɓa da buhun a ka. Muka haɗu da wani Bafulatani maƙwabcinmu yana kora shanu, ƙashin haƙarƙarinsu a waje, ɗaya ta durƙusa a hanya ya tsaya a kanta yana yi mata magana da Fulatanci. Muka wuce shi. Kasuwar ta cika da mutanen da suka tsallako daga Damagaram, kowa da abin sayarwa, ba mai saye: tabarmi, tukwane, ƙofar ɗaki, har da sirdi ba doki.

Muka sami wani mai awo, mutumin tsallake, da ke ƙulle gishiri da kanwa a gefen hatsinsa. Ya zazzage buhun a ƙasa, ya ɗauki mafi kaurin nan da aka hana ni, ya murɗe bangon ya yar, ya murza shafi tsakanin yatsu.

"Takardun lakwal ne, na boko? Suna da kyau, ba sa jan mai. Amma bangon ba shi da amfani wurina."

Haka ya bi su duka yana cire bango, Yaya Sale yana tsaye yana kallo. Mutumin ya auna mana gero tiya biyu. Muna ɗaure bakin buhu sai idonsa ya faɗa kan aljihuna.

"Waɗancan fa, samari? Ƙananan shafi sun fi daɗin ƙulla. Kawo in ƙara muku rabin tiya, don Allah ba don sun kai ba."

Na sa hannu a aljihu, na dubi yayana. Ya dubi geron, ya dubi kabar da ta leƙo. Wallahi ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji shi.

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango rimin garinmu. Nan ya ce, ba tare da ya juyo ba, kada in ɗaga maganar rabin tiyar nan a gida. Ban ɗaga ba.

Geron ya yi abin da zai iya. Inna ta surfa shi da kanta, ba ta yar da ko dusar ba, aka riƙa dama wa Rabi ita kaɗai, mu muna jin ƙamshin muna haɗiyar yawu. Nono ya ɗan dawo. Jummai ta yi kwanaki tana kama yatsa, har ta yi mini murmushi sau ɗaya. Sannan geron ya ƙare, zawo ya shigo gari yana bin yara gida gida. Wata rana da hantsi, rana ta fara zafi, Inna ta fito daga ɗakin Rabi ta ce in je in kira liman. Ramin bai ba mu wahala ba, yashi ne, kuma ƙarami ne.

Rabi ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba a yi wa ɗan fari kuka. Bayan kwanaki na same ta a gindin turmi tana wanke anza. Da ni da ita akwai wasa, irin na ƙanin miji, amma ranar ban san ta inda zan fara ba. Ita ce ta yi magana, idonta a kan ƙwarya.

"Idi, kowa a gidan nan ya ajiye abin da zai fara da shi baɗi. Inna ta ajiye nata, yayanka ya ajiye nasa. Ni kaɗai ce ban ajiye komai ba."

Baɗi ruwa ya sauka. Inna ta sa aka sauke damin, muka shuka, ya yi kyau har maƙwabta suka zo roƙon iri, rabin unguwarmu daga shi suka tashi. Ba wanda ya ce Inna ta yi daidai, ba wanda ya ce ta yi kuskure, ita ma ba ta tambaya ba har ta koma ga Allah. Yaya Sale kuwa bai sake buɗe littafin mutumin nan ba. Akwatin ya koma ma'ajiyar tsumma. In aka taso da maganar talaka a dandali sai ya tashi ya ce zai je ya yi alwala. Da aka tura ni aiki na ce ga ajiyarsa, ya ce in tafi da ita, kada ya sake ganinta.

Na sha juya lissafin nan a raina. Rabin tiya ba zai hana zawo ba, na sani. Damin Inna ma wataƙila ba zai hana ba. Amma sani daban, abin da ke zuwa wa mutum in ya kwanta daban, kuma na tabbata da shi yayana ya shiga kabari. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na koyar shekara da shekaru, daga wannan ƙauye zuwa wancan, ina jan ƙullin nan a ƙasan jaka, ba ɗalibi ko malami ɗaya da ya taɓa tambayata da wanne zai fara. Baturen ya ci gaba da rubutu, mu muka ci gaba da jiran hadari. Irin Inna ma ya ɓace, yanzu a leda ake sayo iri, kuma in ka ajiye 'ya'yansa ba sa yi maka abin kirki.

"Tsoho, ka yi barci ne da ido buɗe?" in ji Bilkisu.

Na tashi na shiga ɗaki na jawo jakar. Kabar tana nan, ta bushe ta yi ja, takardun sun koma kalar ƙasa. Na fito da su na zauna, na fara yi mata bayani yadda aka yi mini: ga na hira, da shi ake farawa, ga na ƙasashe, ga na rediyo da jarida, manyan kuma ta bar su sai ta yi ƙwari. Tana ta murna, wai ashe kakanta ɗan gwagwarmaya ne ba a faɗa mata ba.

Yaya Rabi tana zaune a bakin baranda, ido ɗaya a rufe da auduga. Ta ce mene ne ake ta surutu a kai. Bilkisu ta kai mata ƙullin ta sa mata a hannu. Ta shafa kabar da babban yatsa, sannan ta ɗora su a tafinta ta ɗaga sama kaɗan ta sauke, yadda mata ke yi wa ƙullin hatsi.

"Rabin tiya," in ji ta.

Ban taɓa faɗa ba, ko ga matata.

"Shi ya gaya mini, Idi, da bakinsa, ana gobe zai rasu. Ya ce in yafe masa." Ta miƙa wa yarinyar ƙullin. "Na ce masa na ji."

"Rabin tiyar me, Kaka?" in ji Bilkisu.

"Ba komai, 'yar nan. Ki karanta su duka, kada ki tsallake ko shafi ɗaya. An riga an biya."

Bilkisu ta dube ni, ni kuma na dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa iska tana biye da shi. Na kwance kabar, ta karye a hannuna, na ba ta na hirar.